Saunar Infirared a Gida: Haɗawa, Amfani da Kulawa

Kusan duk wanda ya kira ni a kan saunarsa, ɗaya daga cikin maganganu uku yake yi: “Malam, ba ta zafi,” ko “da na kunna sai bireka ta faɗi,” ko kuma “katakon ya yi baƙi, yana wari.” Akwai kira na huɗu da ya fi tayar da hankali, wato a ce mai gidan ya fito daga ciki jiri ya kwashe shi ya faɗi a bakin ƙofa. Da wuya ka bincika ka tarar laifin kamfani ne. Yawanci mai ita ne ya ɗauke ta wani banɗaki na zamani, alhali akwatin katako ce da aka jera wa hita a ciki. Na’urar lantarki ce, mai jan wuta sosai, an kewaye ta da abin da ke kama wuta, mutum kuma yana zaune a tsakiya jikinsa sharkaf da gumi. Duk abin da zan faɗa daga nan ya samo asali.

Me ka sayo?

Saunar asali ta mutanen Finlan ce, al’adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al’adun gado na duniya a 2020. Su murhu suke haɗawa da duwatsu a kai, iskar ɗakin ta kai digiri 80 zuwa 100 a ma’aunin Selshiyas, su riƙa yayyafa wa duwatsun ruwa tururi yana tashi. Ta infirared ba haka take ba. Babu duwatsu, babu tururi, ba kuma sirace ba ce. Iskarta ba ta cika wuce digiri 45 zuwa 60 ba, domin ba iskar ake son gasawa ba, jikinka ake nufi kai tsaye. Ka tuna jin ɗumi a bakin wuta da hunturu: iska da sanyi, amma gefen da ka juya wa garwashi ya ɗau zafi. Wannan zafin da ke tafiya kamar haske, ido kuma ba ya ganinsa, shi ne infirared. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya rarraba hasken rana zuwa launukansa ya ga ma’aunin zafi ya fi hawa a bayan jan launi, inda ido ba ya ganin komai. Wani likitan Amurka, John Harvey Kellogg, ya ƙera akwatin gasa jiki da ƙwayayen lantarki a 1891, aka nuna shi a baje kolin Shikago na 1893. Kakan saunarka ke nan.

Hita iri biyu aka fi samu. Akwai ta kabon, faifai mai faɗi baƙi, mai zafi a hankali da yaɗuwa ko’ina. Akwai ta siramik, siririyar sanda mai zafi ƙwarai a wuri guda. Wasu kuma an ƙara musu fitila mai jan haske. Ga mai farawa na fi son kabon, don ba ta gasa maka kafaɗa ɗaya ta bar ɗaya.

Abin da za ka tanada

- Mutum biyu masu ƙarfi. Sauna mai ɗaukar mutum biyu takan haura kilo 100, bangon gaba mai gilashi kuma ba na mutum ɗaya ba ne.
- Mai wayarin da ya san aikinsa, da mitarsa ta auna wuta.
- Sukudireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, tef ɗin awo, lebur, da ɗan gajeren tsani.
- Tsohon bargo ko kwali na shimfiɗa bangaye a kai.
- Tawul uku na auduga, gorar ruwa, da ɗan ma’aunin zafi na ratayewa.
- Littafin bayanin da ya zo da ita. In abin da ke ciki ya saɓa da nawa a kan awo ko jerin haɗawa, bi nasa.

1. Fara da wuta, tun kafin ka biya kuɗi

Nemi ɗan allon bayani da ke manne a bayan saunar ko a kan rufinta. Abu biyu za ka karanta: volt nawa, wat nawa. Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Nijar 220. Ƙananan saunonin da aka yi don kasuwar Amurka kuwa volt 120 suke ci, kuma suna shigowa cikin kwantena tare da kayan gwanjo. In ka jona irin wannan kai tsaye, zafin hitar ba ninki biyu zai yi ba, kusan ninki huɗu zai yi, saboda ƙarfin hita yana hawa ne da ninkin volt a kan kansa. Akwatin sarrafa wutar zai ƙone kafin ka janye hannu. Ana iya sa taransifoma mai rage wuta, amma sai babba, ta wat 3,000 ko fiye, ba ’yar ƙaramar da ake sa wa rediyo ba. Ra’ayina dai, ka bar wa mai ita kayarsa ka nemi ta volt 220 zuwa 240.

Sai wat. Ta mutum ɗaya takan ci wajen 1,200 zuwa 1,500, ta mutum biyu 1,600 zuwa 2,000, manya kuma har 3,000. Raba wat da volt ka sami amp: 1,800 a raba da 230 ya ba da kusan amp 8. Adadin bai tsoratar ba, sai dai ka tuna za a ja shi ne na awa guda ba hutawa. Soket mai sako-sako da ke jure cajin waya shekara da shekaru, a nan zai yi zafi, ya narke, ya yi baƙi. Don haka a jawo mata layinta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, da wayar tagulla ta gaske mai kaurin murabba’in milimita 2.5, da birekarta daban. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 a jiki amma cikinta bai kai ba, ko kuma alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Araha ba ta ado; sa mai wayarin ya feɗe bakin wayar ku gani tare. In saunar ta haura wat 2,500, kada a bi ta fulogi ma sam, a haɗa ta da makunni na amp 20 irin na na’urar sanyaya ɗaki.

Abubuwa biyu ba na sassauci a kansu. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Gidaje da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na saman babu komai a bayansa. A auna a tabbatar. In kuma saunar ta zo da fulogin Turai mai ƙafa biyu, kada a yi abin nan na cusa murfin biro a ramin sama a tura shi da ƙarfi. Yin haka ya raba ta da wayar ƙasa gaba ɗaya. A yanke shi a sa mai ƙafa uku mai fiyus na amp 13. Na biyu, bireka mai gano yoyon wuta, wadda masu wayarin ke kira RCD ko ELCB, ta miliamp 30. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa. Wannan kuwa mutum take karewa: da wuta ta fara bi ta jiki sai ta yanke nan take. Fata mai gumi ta fi busasshiya saurin wuce wuta nesa ba kusa ba.

Ban da wayar ƙari mai soket da yawa, ko da na yini ɗaya ne.

Saura maganar raunin wuta, wadda ita ce amsar yawancin masu cewa “ba ta zafi.” In volt ya sauka zuwa 180, abin da ba baƙo ba ne a unguwanninmu da magariba, hitar kashi 60 cikin ɗari kawai na zafinta za ta bayar. Babu abin da ya lalace. Sitabilaiza na wat 5,000 yana gyara wannan, ya kuma kare akwatin sarrafawa daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Ƙaramin janareta ba zai ja ta ba, sai mai kVA 3 ko fiye, shi ma a waje can nesa da taga saboda hayaƙinsa na kisa. Masu sola kuma su yi lissafi: batir na volt 12 mai 200Ah kimanin yunit 2.4 yake riƙewa, rabinsa kawai ya kamata a sha in na ruwa ne, sauna mai wat 1,800 kuwa tana iya cin kusan yunit 2 a awa guda. In dole ne, a kunna da rana tsaka lokacin da faifan sola ke bayarwa.

2. Wurin ajiyewa

Cikin ɗaki, a busasshen wuri, a kan daɓe miƙaƙƙe. Ba banɗaki ba, ba baranda da feshin damina ke kaiwa ba, ba kuma jikin bangon da ke tsatsafo da danshi ba. Tayil ko siminti ya fi kafet. Ɗora lebur ka duba ta tsawo da ta faɗi. In daɓen ya karkata ko da kaɗan ne, bangayen ba za su haɗu daidai ba, ƙofar gilashin kuma za ta riƙa buɗe kanta ko ta riƙa gugar ƙasa. Bar tazarar kamu guda tsakaninta da bango, da sarari a sama wanda hannu da kai za su shiga, don a rufin ne akwatin wuta yake kuma yana son iska. Tsayin yawancinsu wajen santimita 190 ne. Auna ɗakin, auna ƙofar da za a shigo da bangayen, ka kuma lura da fankar sama.

Duba gara. Katakon waje ne mai laushi, hemlok ko sida na Kanada galibi, kuma in akwai hanyar gara a gindin bangon ɗakin, a magance ta tukuna.

3. Buɗe kwalaye

Kwantar da bangayen a kan bargo, ka ƙirga komai da takardar jerin kaya. Duba faifan hita ko akwai tsagewa, duba wayoyi ko ɓera ya taɓa su a sito. Gilashin ƙofar gasasshe ne: fuskarsa na jure duka, amma in kusurwarsa ta daki tayil sai ya tarwatse gaba ɗaya ya zama tsakuwa, ba kuma a yanka wani a gyara. Kada a taɓa jingine shi a ƙasa ba kwali a ƙarƙashi. In da hali, bar katakon ya kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kafin a haɗa. Ya taho ta teku ya sha danshi, zai ɗan tsuke in ya ji busasshiyar iskarmu, gara ya yi tsukewarsa kafin a ɗaure shi.

4. Tayar da bangaye

Daɓen saunar ake fara ajiyewa, a tabbatar gabansa na kallon inda ƙofa za ta kasance. Mutane kan juya shi, sai an kai ga bangon ƙarshe a gane, a warware komai. Ajiye shi ɗan nesa da bango don a sami wurin zagayawa, a tura daga baya.

Sai bangon baya, mutum ɗaya ya riƙe. Sai na hagu da na dama. Wasu da maɗauran ƙarfe ake ƙulle su ta waje, wasu kuma ƙugiyoyi ne a ciki, a ɗaga bango a zura shi ya zauna. Kowanne ne, in ya ƙi shiga kada a sa guduma. Wani abu ne bai daidaita ba, ko waya ce ta maƙale a tsakani. Wayar da katako ya danne ba ta nuna kanta ranar. Sai bayan watanni, robar ta gama cinyewa, bireka ta fara faɗuwa ba a san dalili ba.

Kafin bangon gaba, a sa allon da ke ƙarƙashin benci mai hitar ƙafa, a jona wayarsa, sannan a ɗora bencin. In ka rufe gaba tukuna, bencin ba zai sami hanyar juyawa ba. Bangon gaba ya biyo baya, da ƙofar a rufe, an ɗaure ta da tef don kada ta wangale tana hannu. Sukurori kuma a ɗaura su sama-sama har sai komai ya zauna, sannan a bi a ƙara. Da hannu, ba da injin ɗauri ba, don katako mai laushi saurin cinyewa yake yi.

5. Rufi, wayoyi da gwajin farko

Kowane bango yana da wayarsa da ke leƙowa ta sama. Mutum biyu su ɗaga rufin, a zura kowace waya ta raminta, sannan a sauke shi a hankali. Hau tsani ka jona kowace da abokiyarta. Akwai lamba ko harafi a jikinsu. Tura har sai ka ji ta zauna, ka ɗan ja ka gani. Mahaɗin da ya shiga rabi yana aiki, amma yana zafi, kuma nan ne gobarar sauna ta fi farawa. Siririyar wayar allon sarrafawa tana da ƙananan ƙafafu masu saurin lanƙwashewa, a bi ta da lallami. Duk wannan aikin fulogi na cire.

Akwai ɗan tsinke da ke leƙowa daga silin ta ciki, shi ke jin zafin ɗakin ya gaya wa na’ura ta tsaya ko ta ci gaba. In an rufe bakinsa da roba don tafiya, cire. In ya noƙe cikin rufi, jawo shi ya leƙo. Tsinken da ya ɓuya ƙarya zai riƙa faɗa wa na’urar, ita kuma ta yi ta gashi.

Yanzu kunna, babu kowa a ciki. Bayan minti biyar kai tafin hannu kusa da kowace hita, ba tare da taɓawa ba, ka ji ko duk suna aiki. Sa ta a zafinta na ƙarshe na awa guda, ƙofarta a ɗan buɗe, tagogin ɗakin a wangale, don warin sabon katako da gam ya fita. Warin katako ba komai. Warin roba mai ƙonewa kuwa, kashe nan take. Da an gama, taɓa fulogi da soket. Ɗumi kaɗan daidai ne. In ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, a kira mai wayarin kafin kowa ya shiga. Gwada ƙofar daga ciki: turawa ɗaya ta buɗe. Kada a sa mata sakata ko kwaɗo. In don yara ne, ɗakin ake kullewa.

6. Wa zai shiga, wa zai haƙura

Zafi yana buɗe jijiyoyin jini na fata, bugun zuciya ya ƙaru, awon jini ya sauka, ruwan jiki ya ragu. Mai lafiya yana ɗaukar wannan. Waɗannan kuwa kada su shiga: mai juna biyu, ƙananan yara, mai zazzaɓi ko gudawa, wanda bai daɗe da samun ciwon bugun zuciya ba ko yake jin ciwon ƙirji in ya motsa, da wanda ya sha abin maye ko maganin barci. Mai sikila ma ya nisance ta, domin ƙarancin ruwa a jiki na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon.

Masu hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda ko farfaɗiya, sai da izinin likitansu. Dalilin ba ciwon kaɗai ba ne, har da magungunan. Maganin hawan jini mai sa fitsari ya riga ya rage maka ruwa. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi suna hana gumi fita. Mai suga da ƙafarsa ta daina ji sosai zai iya ƙonewa a hitar ƙafa bai sani ba. Namijin da ke neman haihuwa shi ma ya sani cewa yawan zafi yana rage ƙwayoyin maniyyi na ɗan lokaci, sai bayan watanni su koma daidai.

An sha tambayata ko mai jego za ta iya shiga a madadin wankan jego. A’a. Ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, kuma sau da yawa mace na ɗauke da shi ba ta sani ba, ana cewa gajiya ce da kumburin jego. Irin wannan zuciyar ba a ƙara mata kaya.

Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki da awa biyu, ya sha ruwa ya ƙoshi. Da bazara kuma, ranar da garin kansa ya haura digiri 40 ka yini kana zufa, ban ga abin da za ka nema a ciki ba.

7. Zaman kansa

Kunna ta minti 15 zuwa 30 kafin shiga. Sha ruwa kofi biyu. Kada ka shiga da cikakken ciki, kada kuma da yunwa. Watsa ruwa ka goge jiki ya bushe, ba mai ba turare, don suna toshe gumi su kuma ɓata katako. Cire agogo, sarƙa da zobe. Wayar hannu ta zauna a waje. Kamfanin Apple da kansa digiri 35 ya sa a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi amfani da wayarsa.

Tawul ɗaya a kan benci, ninki biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, ɗaya a hannu. Sa tufa mara nauyi ta auduga, ko ɗaurin tawul. Zauna a miƙe, bayanka na fuskantar hita amma a jikin majinginar katako.

Makon farko: digiri 40 zuwa 45, minti 10 zuwa 15, kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Ba mamaki ka fito ba ka yi wani gumi ba. Nan ne mafari ke cewa an cuce shi, ya murɗa zuwa ƙarshe ya zauna awa guda. Jiki koyon gumi yake yi. Bayan ’yan zama za ka ga yana tsatsafowa da wuri. Daga nan sai a riƙa ƙara minti biyar-biyar har zuwa minti 20 ko 30 a digiri 50 zuwa 55. Ni ban ga amfanin wuce nan ba. A Japan, inda Farfesa Chuwa Tei na Jami’ar Kagoshima ya tsara jinyar da ake kira Waon da irin wannan sauna, minti 15 kawai marar lafiya ke yi a digiri 60, sannan ya kwanta a waje a lulluɓe na minti 30, a auna nauyinsa kafin da bayan zama, a ba shi ruwa daidai abin da ya rasa. A asibiti ke nan, likita na tsaye.

Ka ari wannan dabarar awon. Hau sikeli kafin ka shiga da bayan ka fito. In ka ragu da rabin kilo, rabin litar ruwa ce ta fita, ba kitse ba, kuma wajibi ne ka mayar. Wannan ya kawo ni ga abin da ’yan talla ke faɗa. Sukan ce zafin yana ratsa jiki zurfin santimita huɗu ya narkar da kitse ya fitar da guba. Zafin hitar kabon a saman fata yake tsayawa, bai kai zurfin milimita guda ba. Jini ne ke kwasarsa ya kai ciki. Gumi kuwa kusan dukkansa ruwa ne da ɗan gishiri, aikin tace guba na hanta ne da ƙoda. Sukan kuma kafa hujja da binciken garin Kuopio da aka wallafa a 2015, wanda ya bi maza 2,315 na kimanin shekara 20 ya ga masu yawan shiga sauna sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya. Binciken gaskiya ne, amma a saunar Finlan mai digiri kusan 80 aka yi shi, ba irin taka ba. Abin da za ka samu tabbas shi ne sakin jiki, sauƙin ciwon gaɓoɓi da tsamin nama na ɗan lokaci, mutane da yawa kuma barcinsu na daɗi. Wannan ma ai ba kaɗan ba ne.

Jiri, tashin zuciya, ciwon kai, bugun zuciya da ƙarfi, ko gumi ya tsaya cak alhali kana jin zafi: fita, ko minti nawa ya rage. Kada ka kwanta barci a ciki. Sa agogon na’urar ya kashe ta da kansa, kuma a ce akwai wanda ya san kana ciki. In taka mai jan fitila ce, kada ka ƙura mata ido.

Ba a watsa wa hita ruwa. Ba a rataya mata tawul. Ba a shanya a ciki da damina. Kaskon turaren wuta kuwa, ko kusa.

8. Fitowa

Faɗuwar bakin ƙofa da na ambata tun farko a nan take faruwa. Jini ya taru a fata da ƙafafu, ka miƙe zumbur, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ’yan daƙiƙu. Buɗe ƙofa, zauna minti ɗaya, tashi a hankali kana dafe. Nemi wuri ka zauna minti goma gumin ya tsagaita, sannan wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Sha ruwa a hankali. In gumin ya yi yawa, haɗa ruwan gishiri da suga irin na asibiti: litar ruwa ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne shaida. In ya yi duhu, da sauran bashi.

9. Tsafta da kulawa

Bayan kowane zama kwashe tawul, goge benci da busasshen ƙyalle, bar ta a kunne minti goma, sannan ka kashe ka bar ƙofar a buɗe. Baƙin da katako ke yi da warin nan, gumi ne da ya shiga ciki aka rufe ƙofa a kansa. Mako-mako a goge da ƙyalle mai ɗan danshi wanda aka matse sosai; in akwai wari, a ɗiga ruwan khal kaɗan a ruwan. Tabon da ya ƙi fita, samfefa mai laushi ce maganinsa, a bi tsawon zanen katakon.

Kada a shafa wa cikin fenti, banish ko man goge katako, kada a wanke da bilic, kada a fesa maganin sauro. Da gangan aka bar shi tsirara. Duk abin da ka shafa, zafi zai tayar da shi, kai ne kuma za ka shaƙa a ɗaki rufaffe. Kafinta zai ce maka banish zai ƙara mata kyau. Gode masa, ka ce a waje kaɗai.

Da hunturu ƙura ce matsala. Cire fulogi, bari hita ta huce, share ta da busasshen buroshi mai laushi, ka hau sama ka share rufin. Ƙananan tsagewa a katako a wannan lokacin ba abin damuwa ba ne. Da damina kuma a riƙa kunna ta ko sau ɗaya a mako, ko ba mai shiga, saboda fumfuna. Duk bayan wata uku a buɗe murfin sama a duba mahaɗan wayoyi: wanda ya canza launi ko ya yi ƙauri, a sauya shi, ba a naɗe shi da tef ba. Ɓera da kyankyaso da tsaka suna son ɗumin wurin. A ƙara ɗaure hinjin ƙofa, a danna maɓallin gwaji na birekar yoyon wuta a ga ta faɗi. In za a yi tafiya, ko hadari ya haɗo da tsawa, a cire fulogi.

10. In ta ƙi

Ba ta kunnu ba sam: duba bireka, fiyus ɗin fulogi, sannan siririyar wayar allon sarrafawa. Bango ɗaya ya yi sanyi: kusan kullum mahaɗinsa ne a rufi ya saki. Duka suna aiki amma zafi bai hawa: auna volt tana kunne, duba tagar iska ta silin ko a buɗe take, duba ko na’urar sanyaya ɗaki na busa ta. Lambar zafi tana tsalle ko tana nuna abin da hankali ba zai ɗauka ba: tsinken silin ne, gwada shi da ma’aunin da ka rataya. Birekar yoyon wuta tana faɗuwa: kada a cire ta a haɗa kai tsaye, kamar yadda wasu masu gyara ke yi. A cire wayoyin hita ɗaya bayan ɗaya, fulogi na cire kowane karo, har a gano wadda ke yoyo. Faifan kabon da ya tsage ko ya yi tabon ƙuna ba ya gyaruwa. A ɗauki lambar da ke bayansa da awonsa, a nemo mai volt da wat iri ɗaya.